Rizista mai wat nawa za a sa a kurosoba

Kai ma dai! Duk zaman da ka yi a gabana, yau kake tambayata wai "Oga, rizista mai wat 5 zai isa a kurosobar da nake haɗawa?" Kurosoba dai ita ke raba sauti a cikin akwatin sifika, na sama da na ƙasa kowa da hanyarsa; rizista kuma shi ke rage wutar da ke wucewa, wat ɗinsa shi ne yawan wutar da zai jure bai ƙone ba. Da ka fara da tambayar wane amf, wato injin ƙara wa sauti ƙarfi, za a jona wa akwatin, da na ce hankali ya soma shigarka. Ku yaran yanzu sai ku ɗauko zane a waya ku kwafa, ba ku san wanda ya zana shi don falonsa ya yi ba, can inda ba a ƙure ƙara.

Lissafin ba wuya. In ka yanka, wato kurosobar ta raba sautin, wajen hez 3,000 (hez ma'aunin kaifin sauti ne), abin da ke zuwa layin tiwita, ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na wutar kiɗa ba. Amf mai wat 400, ka ƙaddara wat 40 ne ke bi ta can, ko fiye. Tiwitar ƙaho ta fi ufa, babbar sifikar sautin ƙasa, ƙara nesa ba kusa ba, dole a rage mata da rizista biyu. In tiwitar mai om 8 ce (om ma'aunin tare wuta ne) kana son sauke ƙararta da desibel 6, sai rizista mai om 4 a siris, wato a kan hanyar wutar kafin ta isa tiwitar, da mai om 8 a faralel, wato a jone a bakunan tiwitar biyu. Na siris shi ke shanye rabi, wat 20 kenan, na faralel 10, tiwitar 10. To ina mai wat 5 zai tsaya a nan? Abin da ya fito maka kuma ninka shi, don cikin akwati ba iska, ga zafin Legas. Yadda ake kashe dalma da auna om da mita kuwa ba zan ɓata bakina ba.

Wannan tambayar taka ta tuna mini wani mai ba da hayar kayan sauti daga Agege, Allah ya isa tsakanina da shi. Ya zo da farar jallabiya da carbi, ya ce akwatuna yake so na makarantar Islamiyya, ɗan zaure ne, amf ɗinsu wat 100, karatu kawai da wa'azi. Saboda Allah na rage masa kuɗi. Na shiga Alaba da kaina na zaɓo kaya, na sa masa masu wat 10, wanda ya ishi wannan aikin har da ragowa. Ya ba da rabin kuɗi, ya ce sauran bayan Juma'a.

Ashe biki ya kai su Idi-Araba, a fili, kan janareto, ya jona su a wani ƙaton amf ya ƙure. Ka san in amf ya ƙure har sauti ya fara tsagewa, ƙarar sama ce ke yawaita, ita kuma ta layin tiwita take bi. Na faralel ya fara yankewa. Nan ne ɓarnar take, ka ji da kyau: in na siris ya ƙone, tiwita shiru kawai za ta yi, ta tsira. In na faralel ya tafi, wutar da ke isa gare ta ta kusa ninkawa, layin ya tashi daga om 8 zuwa 12, inda kafasita, mai tare wa tiwita sautin ƙasa, ke yankawa ya sauko ƙasa, ƙarar da ba tata ba ta shigo. Koyil ɗinta ya soye kamar ƙosai. Ko ɗaya ba ta tsira ba.

Washegari sai ga shi da zugar abokai, yana ihu a bakin shago wai na sa masa jabun kaya. Na buɗe akwati na nuna masa katakon da ya yi baƙi, na ce wane wa'azi ne ke ƙona katako haka? Ya rantse da Alƙur'ani karatu aka yi. Dattawan layi suka shiga, aka ce in yi haƙuri, ɗan'uwa ne, muna ƙasar mutane kada mu ba da kanmu. Na sayi tiwitoci da kuɗina na maye masa. Cikon kuɗina kuwa har yau, in ya hango ni sai ya tsallaka titi. Daga baya yaronsa ne ya ba ni labarin bikin, har da bidiyo.

Shi ya sa ba na jin maganar mai kaya, amf nake cewa a kawo in gani da idona. Akwatin falo, farin rizistan siminti mai wat 10 ya wadatar. Na haya kuwa, kada ka sauka ƙasa da wat 20 a faralel, a siris ka haɗa om 8 guda 2 masu wat 20 a faralel da juna, su ba ka om 4 mai wat 40. Ɗaga su daga katako kaɗan iska ta bi ƙasansu, kuma kada in ga ka manna su a jikin kafasita da gam ɗin kyandir, narkewa zai yi. In ka sayo a kasuwa, fasa ɗaya da guduma ka duba cikinsa, akwai masu rubutun wat 20 da wayar ciki ba ta kai ta mai wat 5 ba.

Yanzu tashi ka je ka tambayi mai akwatin nan wane amf gare shi, in ya ce ƙarami ne ka ce ya turo hotonsa.