Ana yankar mini kuɗin asusun gidaje, ta ina zan mallaki gida?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kaduna, shekaruna 44, na yi shekara 18 a bakin aiki, albashina wajen naira dubu 150. Tun da na kama aiki ake yankar mini kuɗin asusun gidaje, amma har yau haya nake. Ina da fuloti na awon igiya, ginin ya kai linta ya tsaya, takardar mai unguwa ce kawai a hannuna. Ga kuma mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, tana gidanmu na gado, shiga banɗaki ya zame mata aiki. Wani ɗan'uwana da ke Ingila ya ce can hukuma ce ke biyan kuɗin gyara wa irinsu gida. Mu a nan akwai irin wannan? Kuma kuɗin da ake yanka, za a ba ni gida da su ne ko yaya?

Amsa:

Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi.

Malam, a fara cire wani zato da ke damun ma'aikata da yawa. Kuɗin nan da ake yanka ba adashi ba ne da wata rana za a ce kwasarka ta zo, ga makullin gida. Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, an kafa shi da doka ta 3 ta shekarar 1992, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke riƙe da shi, kuma kashi 2.5 cikin ɗari na albashi ake cira. A ce albashin da ake lissafin yankan a kansa dubu 60 ne, to naira 1,500 ke nan a wata, dubu 18 a shekara. Ka ga ko shekara 35 aka yi ana tarawa, ba zai kai ka ko'ina ba a kasuwar siminti ta yau. Amfanin yankan shi ne ya ba ka damar neman rance mai sauƙi, da zarar ka cika wata 6 kana zubi. In ba ka ci rancen ba, sai ka yi ritaya ko ka kai shekara 60 ka nemi a mayar maka da abin da ka tara.

Sauƙin rancen gaskiya ne. Kuɗin ruwansa kashi 6 ne a shekara, ana iya biya har tsawon shekara 30, alhali bankunan kasuwanci sun haura kashi 20. Rancen da bai wuce miliyan 5 ba, ba a neman ka ajiye kason farko; wanda ya wuce haka kuwa sai ka kawo kashi 10. Sai dai wannan shekara 30 ɗin ba taka ba ce. Ma'aikaci yana ajiye aiki ne a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, duk wadda ta riga zuwa, kai kuwa saura maka 16. Kuma ƙa'ida ita ce abin da za a riƙa cira duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu, wato dubu 50 a wajenka. In aka buga lissafi, dubu 50 a wata na shekara 16 a kan kashi 6 ba zai ɗauko maka fiye da miliyan 6 da 'yan kai ba. Da kana da shekara 30 a gaba, da ya haura miliyan 8. Kowace shekara da ka ƙara kana jira, abin da za a iya ba ka raguwa yake yi, kayan gini kuma suna hawa.

To me miliyan 6 za ta yi? Ba za ta sayi gida mai ɗaki uku a sababbin rukunan gidajen gwamnati ba. Shirin da Shugaba Tinubu ya aza harsashinsa a Karsana, Abuja, a watan Fabrairun 2024, da gidaje 3,112, da sauran rukunan da ake ginawa a jihohi, ana sayar da su ne, ba rabawa ake yi ba. Haka abin yake tun zamanin gidajen Shagari: ana kiransu masu sauƙin kuɗi, amma sauƙin ya danganta da aljihun wanda ake magana. Mutanen Kano sun ga yadda rukunan gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo suka daɗe gidaje da yawa ba kowa a ciki. Ni dai a ganina, gidan da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya biya da sulusin albashinsa ba, bai kamata a kira shi gidan talaka ba, ko wa ya gina shi.

Amma miliyan 6 a kan ginin da ya riga ya kai linta wata magana ce daban. Za ta yi nisa wajen katako da kwano da ƙofofi da filasta, ko da ɓangare guda ne ka fara gamawa ka tare, ka huta da mai gidan haya. Don haka ni inda zan sa ka ka mayar da hankali shi ne fulotinka, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfani in rigima ta taso tsakaninka da wanda ya sayar maka, amma banki ba ya karɓarta jingina. Abin da yake so shi ne takardar mallaka ta gwamnati, wadda ake kira C of O, da zanen gini da hukumar tsara birni ta amince da shi, sannan a nemi izinin gwamna kafin a jinginar. A Kaduna hukumar filaye ta KADGIS ke aikin takardar mallakar, kamar yadda KANGIS ke yi a Kano, AGIS kuma a Abuja. Ka je da kanka, da takardar cinikin da katin shaidarka, ka tambayi yadda ake daidaita filin awon igiya. Kafin ka kashe ko sisi, ka sa a duba maka ko wurin bai hau hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba, domin in ya hau, takarda ba za ta fito ba. Masu neman wannan rance da dama a nan suke tsayawa, ba a ƙofar banki ba. In takarda ta fito, sai ka bi ta ɗaya daga cikin bankunan jinginar gidaje da FMBN ya amince da su.

Akwai kuma fansho. Dokar fansho ta 2014 ta yarda, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kuma ta fitar da ƙa'idojin a 2022, cewa ma'aikaci zai iya cirar har kashi 25 na abin da ke asusunsa don biyan kason farko na rancen gida, in ya yi wata 60 yana zubi. Hanya ce, amma abincin tsufanka kake ɗiba. Ka yi lissafi da uwargida tukuna.

Na san abin da ke zuciyar mutane da yawa ko ba su faɗa ba: kashi 6 ɗin nan ai riba ce. Saboda wannan ne FMBN ya fito da tsarin haya-zuwa-mallaka marar ruwa, bisa ijara, inda banki ke mallakar gidan kana biyan haya har ya zama naka. Bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus ma suna da nasu tsare-tsaren, sai dai farashinsu na kasuwa ne. Hukuncin kuwa na malamai ne. Ka kai wa malaminka takardar yarjejeniyar ita kanta ya karanta, ba labarin baki ba.

Yanzu maganar Hajiya, wadda ta fi gaggawa. Ɗan'uwanka bai yi ƙarya ba: a Ingila ƙananan hukumomi na bayar da tallafin da ke kaiwa fam dubu 30 don gyara wa mai naƙasa gida, bayan sun duba samun mutum. Dokarmu ta hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tsaya ne kan gine-ginen da jama'a ke shiga, ba ta ware kuɗin gyaran gidan kowa ba. Abin da ya fi kusa da buƙatarka shi ne rancen gyaran gida na FMBN, wanda aka fara da iyakar naira miliyan 1, ana cira daga albashi cikin 'yan shekaru, kuma ya shafi gidan mutum ko na danginsu. Ta ofishinku ake bi. Sai dai ka tuna daga sulusin nan guda za a cira, don haka zai rage abin da za a ba ka na ginin. Tun da gidan na gado ne, ka samu amincewar 'yan'uwanka a rubuce, kuma ka nemi kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa kafin ka ci bashi.

Gyaran kansa ba ya cin kuɗi kamar yadda ake tsoro. A fasa dokin ƙofar ɗakinta da na banɗaki a daidaita da ƙasa. A cire masai na tsuguno a sa na zama, a kafa ƙarfen riƙo a bango ta ɓangaren hannunta mai lafiya, ba ta ɓangaren da ya shanye ba. Masu aiki kan manta da wannan in ba a tsaya a kansu ba. A bar tayil mai santsi, daɓen siminti mai ɗan kaushi ya fi. A samo kujerar wanka mai ƙarfi, a sa fitila a hanyar da take bi da dare. Inda akwai matakala a yi gangara, kowace santimita 1 ta tudu a ba ta santimita 12 na tsawo, in ba haka ba mai tura keken ne zai sha wahala. Ƙofa kuma ta kai santimita 90. In tana zuwa gashi a asibiti, ka ɗauki hoton ɗakin da banɗakin a waya ka nuna wa mai yi mata gashin kafin birkila ya taɓa komai.

Shi ma ginin naka, tun ba a sa ƙofofi ba, ka bar ɗaki guda kusa da banɗaki da wannan faɗin. Sannan ka nemi lambarka ta NHF a ofishinku ka duba ko abin da ake yanka yana isa asusun da sunanka, don akan samu wanda aka yi shekaru ana cirar masa, ranar da ya je nema a ce ba a ga komai ba. Duk wanda kuma ya tare ka ya ce ka ba shi wani abu ya sa sunanka a jerin masu samun gida, kada ka ba shi.