Amsa ga Hajiya mai tambayar zuwa Blackpool da yara

Wa'alaikumussalam Hajiya. Na ga tambayarki tun jiya, aiki ne bai bar ni na zauna ba sai yanzu. Kin ce kuna Manchester, yara sun samu dogon hutu kina so ki kai su bakin teku, amma wata ta ce miki Blackpool ya mutu ba komai sai tsofaffin katakai, wai ko ya kai a ɓata kuɗin mota.

Ki kai su wallahi. Sai dai ki cire Dubai a ranki kafin ki fita gida, don garin nan dama can ba masu kuɗi ne suka raya shi ba, ma'aikatan masaƙun Lancashire ne. A da idan bazara ta yi sai a rufe masaƙun gari guda na mako ɗaya cur, kowa da iyalinsa a cika jirgin ƙasa a nufi teku, wannan garin ya dawo wancan ya tafi. Jirgin ƙasa ya isa can a 1846, daga nan aka fara kafa gadojin nan da ke shiga cikin ruwa, ƙafafunsu ƙarfe samansu katako. Uku ne a Blackpool, North Pier 1863, Central Pier 1868, South Pier 1893. Ta arewa ta masu son natsuwa ce tun asali, ta tsakiya kuwa ta talakawa ce, rawa da kiɗa da hayaniya, kuma har yau in kin taka su za ki ji bambancin.

Ni tun ina ɗalibi nake zuwa, lokacin aljihu ba nauyi, mu hau tarago mai lantarkin nan da ke bin bakin ruwa tun 1885, mu sayi kifi da dankali a takarda mu je can ƙarshen North Pier mu zauna iska na neman cire mana hula. Kina tafiya kina hango ruwa ta tsakanin katakai a ƙarƙashin ƙafarki, ranar farko gaskiya a tsakiya na riƙa bi ban yarda da gefe ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne zauren rawa na cikin hasumiyar garin, wadda aka buɗe 1894, tsayinta mita 158. Tsofaffi ne fal, wasu da kyar suke ɗaga ƙafa, ana shan shayi, sai kawai ki ga mai kiɗa ya fito daga ƙarƙashin dandali shi da babbar na'urar kiɗansa mai kama da fiyano gaba ɗaya yana kaɗawa, su kuma su miƙe bibbiyu. Wata tsohuwa da muka zauna teburi ɗaya ta ce min a nan ta haɗu da mijinta, ya rasu amma ita duk shekara sai ta zo.

Yara kuwa jakuna za su fi burge su. Eh jakuna, ki biya kuɗi yaro ya hau jaki a kan rairayi, ni abin har yanzu dariya yake ba ni, wanda a gida itace yake ɗauka a nan yana da hutun cin abincin rana kuma ranar Juma'a ba ya aiki, don haka kar ki je Juma'a. Akwai wasan 'yar tsana na Punch da Judy in kun dace, amma ya yi ƙaranci yanzu. Injinan jefa kwabbai kuwa ni ba na barin nawa su kusance su, caca ce aka yi wa kwalliya.

Gaskiyar mai ba ki labari ita ce garin ya ja baya. Tun da jirgin sama ya yi arha Turawa suka koma Sifen neman rana, za ki ga otal a rufe, fenti ya koɗe. Gadojin wasu garuruwan ma gobara na cin su, West Pier ta Brighton ta ƙone a 2003 sai ƙarafa tsaye a ruwa, ta Hastings 2010, ta Eastbourne 2014. Jiragen ruwa masu tururi da ke ɗibar mutane daga bakin gadojin zuwa yawon shan iska kusan duk sun ƙare, saura Waverley, wanda ya fara aiki 1947, kuma a 1974 aka sayar wa masu son adana shi a kan fam ɗaya tak. A Glasgow yake zama. Na hau shi zuwa Rothesay, wani gari a wani tsibiri na Scotland, ana barin fasinja ya sauka ƙasa ya tsaya yana kallon injin na juyawa, ga zafi ga warin mai, ɗana ya ƙi hawowa sama sam. In Alhaji zai iya tuƙi zuwa Glasgow ku duba jadawalin jirgin tun da wuri, yawo yake yi har Landan.

Ki tafi da rigunan sanyi ko da Agusta ne, da sallaya. Ki tambayi mai kifi da wane mai yake suya, wasu da kitsen shanu suke yi. Kuma yara su riƙe dankalinsu da kyau, tsuntsayen bakin tekun nan ba su da kunya ko kaɗan, daga hannu suke fizgewa.