Idan kan bol ya suɗe, ajiye sifana tukuna

Ka ce bol ɗin murfin injin Boxer ɗin nan ya ƙi kwancewa, sifana tana ta zamewa har kansa ya fara mulmulewa, kana so ka san yadda za a fitar da shi. To, yaro, fara ajiye sifanar. Zamewar farko ba ta gama da bol, ta biyu da ta uku ne suke cinye kusurwoyinsa, saboda mutum ya hasala yana ƙara ƙarfi.

Ka san abin da kake karewa. Bol ɗin ƙarfe ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ko a kwandon tsofaffin kaya za mu samu wani. Amma jikin injin da ya shiga ciki alminiyam ne, mai taushi, mai tsada. Mai mashin ɗin nan da shi yake ciyar da iyalinsa. In ka tsaga masa jikin inji garin ceto bol ɗaya, ka zaunar da shi a gida. Saboda haka daga hanya mai sauƙi ake farawa, ba a zuwa ga mai tsanani sai wadda ta gabace ta ta gaza.

Dubi abin da ka kama shi da shi. Buɗaɗɗiyar sifana gefe biyu kawai take riƙewa. Mai zobe, mai haƙora 12, a kan kusurwoyi take cizo, su kuwa sun riga sun tafi. Abin da ya dace shi ne soket, wato sifana mai kamar kofi da ake kifawa a kan bol, mai gefe 6, domin shi jikin kan yake runguma gaba ɗaya. Goge ƙasa da baƙin man da suka daskare a wurin, don sau da yawa su ne suke hana soket zama har ƙasa. Zuba man kwance tsatsa irin WD-40, in babu ka sa kananzir, ka ba shi lokaci ya ratsa. Sannan ka ɗora guntun ƙarfe a kan bol ɗin ka buga da guduma, bugu madaidaici, kai tsaye. Girgizar tana farfasa tsatsar da ta kama zaren, wato murɗin da ke jikin bol ɗin. Kafin ka juya hagu, ɗan matsa shi dama kaɗan, kamar za ka ƙara ɗaure shi, sannan ka dawo. Hannu ɗaya yana danne soket, ɗayan yana ja a hankali.

In soket ɗin yana yawo, nemo wanda ya fi shi ƙanƙanta ka buga shi ya shiga da ƙarfi. A kan lamba 10, soket ɗin inci na 3/8 yakan kama, domin milimita 9.5 ne. Tsoho za ka sa, ba sabon da muke aiki da shi ba.

Zafi ma abokin aiki ne. Alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe in ya ji wuta, don haka kewayen ramin ake gasawa, ba bol ɗin ba. Mafi aminci shi ne ka tayar da injin ya yi zafi ka gwada. In kuwa wuta za a kawo, a rufe fetur, a sauke tanki, a kula da wayoyi da robobin da ke tare mai. A kan wannan ba na sassauci ga kowa a garejin nan.

Daga nan sai filaya mai kullewa, bayan ka goge gefe biyu na kan da zarto sun miƙe, ta samu wurin cizo. Sai kuma cizal: ka sara ɗan gurbi a gefen kan, ka kwantar da shi, ka riƙa bugawa ta ɓangaren kwancewa. Bugun ya bi gefe, kada ya nufi cikin murfin. Ƙananan sukurorin kafireto kuwa kada ka kai musu irin wannan duka, jikinsa ba ya ɗauka. Yanka tsaga a kansu ka sa sukundireba mai faɗin baki.

Ga dabarar da nake so ka riƙe, don a kan murfin inji ta fi kowace amfani. Kan bol ne yake danne murfin. In ka huda tsakiyarsa da diril mai kaurin jikin bol ɗin, wato milimita 6 ga waɗannan masu kai lamba 8, kan zai ɓalle. Ka kwance sauran, ka zare murfin, sai ga guntun a tsaye a fili. Tunda nauyin ya sauka daga kansa, sau da yawa filaya kaɗai take fitar da shi.

Wanda ya karye daidai da jikin inji, wannan ka kira ni. Ko dai mu kai wa mai walda ya ɗora noti a kan guntun ya cika tsakiyarsa, tunda waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam kuma zafinta yana sakin tsatsa, ko mu huda. In walda ce, a cire batir da CDI, wato akwatin da ke aika wa filogi wuta, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin, don kada wuta ta bi ta cikin boris. Ƙarfen nan mai zaren hagu da ake sayarwa don ciro karyayyen bol, ina tsoronsa a hannun mai koyo. Yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, kuma in ya karye a ciki diril na yau da kullum ba ya cin sa.

Wani abu kuma: ba kowane zare ne yake kwancewa ta hagu ba. Madubin dama na Yamaha da yawa zaren hagu ne, mai neman kwance shi yadda ya saba ƙara ɗaure shi yake yi. In abu ya ƙi motsi sam, tambaya kafin ka sa fayif a sifana.

Wajen mayarwa, sabon bol za ka sa, ka fara shigar da shi da yatsu har ya yi nisa. Bol-bol ɗin murfin tsawonsu ba ɗaya ba ne, jera su yadda ka ciro su. Kuma waɗannan ƙananan ba sa son ƙarfi, ɗauri kusan 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake kira Nm ya ishe su, ƙarfin wuyan hannu ke nan ba na kafaɗa ba. Yanzu ɗauko soket lamba 8 mai gefe 6 da ƙaramar guduma, ka goge wurin, ina tsaye ina kallo.