Wallafa ko shafi: inda kowane rubutu ya kamata ya zauna

Yarona, na ga tambayarka. Ka ce makarantar da ta ba ka aikin gina mata gidan yanar gizo ta turo maka tulin rubuce-rubuce: tarihin kafuwarta, sanarwar hutu, sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai, labarin gasar da yara suka ci, da sunayen malamai. Ka buɗe WordPress, manhajar gina gidan yanar gizo, ka ga ƙofofi biyu, Posts da Pages, wato wallafa da shafi. Ka leƙa kowacce ka tarar da wurin rubutu iri ɗaya sak, shi ne kake tambaya me zai hana ka zuba komai a wuri guda ka huta.

Idonka bai yaudare ka ba. A rumbun bayanai, duka biyun a tebur ɗaya suke kwana, mai suna wp_posts, kuma abin da ya raba su layi ɗaya ne da ke cewa wannan wallafa ce, wancan shafi ne. Amma wannan ɗan layin shi ke gaya wa WordPress yadda zai yi da rubutun har ƙarshen rayuwarsa.

Da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da WordPress a 2003, wallafa kaɗai ya sani. Ka rubuta yau ta hau sama, ka rubuta gobe ta jiya ta sauka ƙasa. Sai mutane suka ga bayanin "Game da mu" yana nutsewa ƙarƙashin sababbin labarai, alhali shi ne abin da baƙo ke fara nema. Shi ya sa aka kawo shafuka a sigar 1.5 a 2005. Wallafa kamar jarida ce, ranarta na manne da ita. Shafi kuwa allon bakin ƙofa ne, in bayani ya canja sai a goge a gyara a nan inda yake.

Don haka kafin ka danna komai, ka yi wa kanka tambaya ɗaya: wanda zai karanta wannan bayan shekara biyu, yana bukatar sanin ranar da aka rubuta shi? Ɗauki sanarwar hutu. "Za a rufe makaranta ranar Juma'a." Wace Juma'ar? In babu kwanan wata a kanta, uba zai gan ta baɗi ya hana ɗansa zuwa aji. Wannan wallafa ce. Haka labarin gasa. Shi kuwa tarihin makaranta, da lambar waya da adireshi, da sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai, babu ruwan mai karatu da ranar da ka buga su. Abin da yake so shi ne su zama gaskiya a yau. Waɗannan shafuka ne.

Abin da ke biyo baya shi ne inda sababbin hannu ke yin tuntuɓe. Wallafa tana da rukuni da alamomi. Ka sa ta a rukunin "Sanarwa", ita da kanta za ta bayyana a jerin sanarwa, ta shiga taskar watan da aka buga ta, ta fita ta RSS, hanyar da ke kai sababbin rubutu kai tsaye, zuwa ga masu bibiya, ba tare da ka sake ɗaga yatsa ba. Shafi ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan sai in ka tilasta masa da fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress. Abin da yake da shi daban ne: yana iya zama uwa ga wasu shafukan. Ka yi shafin "Sassa", ka rataye "Kimiyya" da "Fasaha" a ƙarƙashinsa, adireshinsu ma zai nuna wannan dangantaka. Kuma shafi ba ya tallata kansa. In ba ka sa shi a menu ko ka haɗa shi da wani wuri ba, zai zauna shiru babu mai ganinsa.

Na sha karɓar gyaran gidajen da aka zuba kowace sanarwa a matsayin shafi. Menu ya kumbura ya cika allo, sakatariyar ofis kuma duk lokacin da ta buga sabon abu sai ta kira wanda ya gina ya zo ya liƙa mata shi. Wannan abin yana ɓata mini rai, domin aikinmu shi ne mu bar wa mai gida abin da zai iya riƙewa da kansa. Ka tuna ba kai ne za ka riƙa buga sanarwar nan kowane mako ba.

Sunayen malamai su ne masu ɗan wuya. In kaɗan ne, shafi ɗaya ya isa. In suna da yawa, kowa da hotonsa da darasinsa da sashensa, to ba wallafa ba ce ba kuma shafi ba ne. Tun sigar 3.0 a 2010 ana iya ƙirƙirar nau'in rubutu na musamman, ka sa masa suna "Malamai", ya sami ƙofarsa daban. Da wannan hanyar WooCommerce, fulogin na buɗe kanti a WordPress, ke ajiye kayan sayarwa. Amma kada ka yi gaggawar zuwa nan sai jerin ya fi ƙarfin shafi ɗaya.

Za ka ji ana cewa Google ya fi son shafi, wasu su ce ya fi son wallafa. Kada ka gina aiki a kan wannan magana. Abin da Google ke gani adireshi ne da rubutun da ke cikinsa da mahaɗan da ke nuna shi.

Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne sauya ra'ayi daga baya. Mayar da wallafa shafi ba wuya, amma sau da yawa adireshin yana canjawa, musamman in ka bar kwanan wata a cikinsa. Duk wanda ya ajiye tsohon adireshin sai ya faɗa kan 404, wato saƙon da ke cewa ba a sami shafin ba. In dole ta kama, ka sa turawa ta 301, wadda ke kai baƙo kai tsaye daga tsohon adireshin zuwa sabon.

Yanzu ka ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya, ka raba rubutun makarantar gida biyu kafin ka taɓa kwamfuta. Sannan ka shiga Settings, sashen Reading, ka zaɓi tsayayyen shafi ya zama fuskar gidan, ka ware wani shafin fanko mai suna "Labarai" inda wallafofi za su riƙa taruwa. Rukunin nan na Uncategorized kuma, inda wallafar da ba a zaɓa mata rukuni ba ke faɗawa, ka sauya masa suna tun yau. In ka gama, turo mini takardar in duba kafin ka fara zubawa.