Amsa: shan kurkum kullum saboda ciwon gwiwa

'Yar'uwa kin ce gwiwarki na damunki, kina so ki sani ko za ki iya shan kurkum kullum alhali kina kan maganin tsinka jini. Gaskiya ɗan wanda ake barbaɗawa a girki ba matsala, amma kafso ɗin kurkum ko ki riƙa dama cokali guda kina sha safe da yamma, a'a kada ki fara sai likitanki ya sani. Shi kansa kurkum yana iya rage daskarewar jini, to in ya haɗu da maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin sai ki ga dadashi na jini wurin goge baki, ko ɗan yanka kaɗan ya ƙi tsayawa, abin ba na wasa ba ne wallahi.

Ni ma saboda gwiwa na fara, rabin ƙaramin cokali a madara mai ɗumi da ɗan masoro, don sinadarin curcumin ɗin da ke rage kumburi bai fi kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na garin ba kuma jiki ba ya tsotsarsa sosai sai da maiƙo ko masoro. Na ji sauƙi amma sai bayan makonni, kuma ranar da na sha ban ci komai ba ƙwannafi ya hana ni sakat. Mai tsakuwar matsarmama ko ta ƙoda da mai juna biyu su ma su tsaya a na girki kawai, in kuma za a miki tiyata ki bar shi sati 2 kafin ranar.