Kafin ki biya kuɗin dutsen, duba sunan da ke kan takardar kabarin

Allah Ya jiƙan maigidan, 'yar'uwa, Ya ba ki haƙurin rashi. Tambayarki kan yadda ake kafa dutse a kabari a maƙabartar kansul, wato ƙaramar hukuma, ta fama min tsohon miki, don ni ma a nan Ingila aka binne nawa.

Kafin komai ki nemo takardar haƙƙin kabarin. Ba sayen fili ba ne, haya ce ta wasu shekaru, wani wurin 50, wani 75, doka dai ta hana a wuce 100. Wanda sunansa ke jiki, shi kaɗai kansul ta sani. Ni ina cikin takaba, ko ruwa ba ya wuce min wuya, ƙanin mijina ya je ya sa hannu da sunansa, alhali kuɗina ne aka biya. Bayan arba'in ya tattara ya koma gida. Wata bakwai ina bin yaron nan ya sa min hannu a fom ɗaya tak! Yaron da na ciyar shekara uku a gidana. Yau ba ya ɗaga waya, gobe ya ce wai bidi'a nake son yi. Na ce masa ba gini zan yi ba, alama ce, ai Annabi (SAW) da kansa ya aza dutse a kabarin Usman bin Maz'un don a gane shi. Har surukata sai da ta shiga maganar, kuma ba bayana ta bi ba.

Kada ki yi gaggawa, sai ƙasa ta zauna, yawanci wata 6 zuwa shekara. Kafin nan allon katako ya isa. Mai aikin dutsen kuma ya zama yana da rajista da BRAMM ko NAMM, wato ƙungiyoyin da ke yi wa masu aikin dutsen kabari rajista, shi zai kai wa kansul zane da tsayi da faɗi su ba da izini. In za ki sa Larabci ko Hausa, za su nemi fassara. A ɓangaren da ake yanke ciyawa da inji ba a yarda da shinge ko kwalba ba, kwashewa suke.

Don Allah kada ki rubuta aya. Suna da ranar rasuwa sun wadatar. Dalili kuwa, kusan duk shekara 5 ma'aikatan kansul sukan zagaya suna tura duwatsu da hannu, wanda ya yi motsi a tokare shi ko a kwantar. Ban ga laifinsu ba, a 2015 dutse ya faɗo wa yaro ɗan shekara 8 a Glasgow ya rasu. Namu ya saki, suka aika wasiƙa, amma ga wa? Ga mai takarda, a gidan da ya bari tun tuni. Ranar sallah na je da yara ziyara na tarar da dutsen a kwance, taɓo ya cika rubutun Bisimilla. Da bakin mayafina na goge, autata na tambayata wa ya ture Baba. Ban iya tuƙa mota ba ranar, awa guda muka yi a ciki ina kuka.

Gyaran ma daga aljihuna ya fito, don kula da dutse ba aikin kansul ba ne. Akwai inshora, ki tambayi mai aikin. In sunan wani ne a takardar, ki lallaɓa shi tun ana ɗasawa ya cike fom ya mayar miki, ki kuma riƙa sanar da ofishin maƙabarta duk lokacin da kika sauya gida. Tamu har yau da sunan yaron nan take.