Shiga Marsaxlokk da jirgin ruwan shaƙatawa

Malam, ka tambaya ko jirginku zai samu wurin ɗaurewa a Marsaxlokk ta ƙasar Malta. A bakin garin dai da wuya. Ruwan ba zurfi, kuma kwale-kwalen masunta masu fentin shuɗi da ɗorawa, da idanu biyu a goshi, sun cika wurin maƙil. Ku jefa anga daga nesa, ku ƙarasa da ƙaramin kwale-kwale. Don Allah kada ku ɗaure a igiyar masunci, abincinsa ke nan, da asuba zai dawo.

In iskar kudu maso gabas ta taso, kada ku kwana. Ku auna ranar Lahadi da sassafe saboda kasuwar kifi. Daga tsakiyar Agusta ake fara kamun kifin lampuki.